Layi Ɗaya

An aika garin Miga a kira Malam, wai 'yarsa mai buga takardu a Dutse ta yi gamo tun da aka sauya mata tafireta da kwamfuta.

Ya tarar ta toshe kunnuwa tana jijjiga jiki, idanunta na bin duk abin da ya motsa a gilashin kwamfutar. Haka take yi tun tana ƙarama in allonta ya cika da rubutu, sai ya sa tafinsa ya rufe, ya bar mata aya guda.

Bai yi tofi ba. Ya warware rawaninsa ya lulluɓe gilashin, ya bar layi ɗaya. Yatsunta suka kama aiki.

"Malam, aljanin fa?" in ji shugaban ofishinsu.

"Yana ƙarƙashin rawanin. Kada ka ɗaga."