Tsohon da Bai Taɓa Miƙa Jirgi da Sanyi Ba

Ga wani misali, ka riƙe shi. An yi wani tsoho a Zariya da ƙuruciyarsa kaf ta ƙare a bakin wutar jirgin ƙasa, yana ɗura masa kwal da shebur, zamanin da ake jin kukan jirgin Nguru tun ba a hango hayaƙinsa ba. Jirgin an daɗe da yayyanka shi, 'yan gwangwan sun kwashe. Direban da suka yi aiki tare yana nan da rai, sai dai ya makance. Abin alfaharin tsohon nan guda ne, kuma duk wanda ya zauna kusa da shi sai ya ji shi har ya ƙosa: bai taɓa miƙa wa direbansa jirgi da sanyi ba.

Wata rana 'yarsa ta kawo masa tsarabar ɗan jirgin roba na ado, mai tafiya da batir a kan ɗan layinsa, ja wur, sai ƙyalli yake. Tsoho ya ce wannan ai amarya ce, ba jirgi ba. Ya kankare jan fentin ya shafa baƙi. Ya yanko gwangwanin madara ya ƙara wa bututun hayaƙi tsawo, ya buɗa 'yar ƙofar zuba kwal, ya goga baƙin tukunya inda hayaƙi ya saba kwanciya. Har lotsawar da wani bijimi ya yi wa goshin jirginsu a dajin Malam Madori sai da ya fitar da ita da tsinin wuƙa. Damina ta zo ta wuce yana kai. Da ya gama, ya naɗe shi a ƙyalle ya nufi gidan direban.

Makaho ya bi jirgin da yatsu a hankali, da ya kai ga lotsawar sai ga hawaye. Ya ce, "Shi ne, abokina. Sai dai yau ka kawo mini shi da sanyi." Wasa yake yi, amma maganar ta soki tsoho har zuci. Ya roƙi garwashi a cikin gida, ɗan mitsitsi kamar ƙwayar gyaɗa, ya tura ta ƙofar kwal, ya hura. Hayaƙi ya fito ta bututu siriri, daɗi ya kama shi, ya ji kamar ya koma saurayi. Kafin ya buɗe baki ya yi albishir, cikin jirgin ya lanƙwashe, ƙafafun suka narke suka manne da tabarma.

Makaho ya shaƙa, ya kau da kai, ya ce, "Wannan ba ƙamshin kwal ba ne. Me ka ƙona?" Sau biyu ke nan tsoho yana rasa jirginsa, na biyun kuwa da hannunsa. Hausawa sun yi gaskiya: kama da wane ba ta wane.