Kwamfutar Baba Ta Ƙi Tashi

Ina 'yar shekara tara, a gidanmu na Roni, Baba ya shimfiɗa tabarma a ɗakinsa bayan azahar, ya zauna gaban kwamfutarsa. Ruwan damina ne ya zubo mata ta rufi, sai ya sayo kaya a Kazaure ya sake haɗa ta da kansa. A cikinta kaɗai muke da hotunan Umma, wadda ta rasu kafin azumin shekarar.

Ya tayar da janareta, ya danna makunni. Fankar ciki ta ɗan juya, ta tsaya. Ya zare wani siririn abu kore, ya goge shi da bakin rigarsa, ya mayar. Ya bi wayoyin yana matsawa ɗaya bayan ɗaya. Ƙaurin roba ya cika ɗakin, fuskar kwamfutar kuwa baƙi ƙirin.

Can ya juyo ya ce, "Uwata, zo ki danna mana, ko hannunki ya fi nawa sa'a."

Na yi bisimilla na danna. Ko motsi ba ta yi ba.

Na ce, "Baba, Umma tana ciki har yanzu?"

"Tana ciki," in ji shi, bai dube ni ba. "Mu ne dai muka kasa buɗe ƙofa."

Aka kira la'asar, na fita tsakar gida wasa, na bar shi riƙe da waya a hannu. Yau na girmi Baban wannan ranar, kuma da zan koma, da ban tashi daga tabarmar nan ba.