Wa Ya Ce Lambunmu Ciyawa Ne?

"Yau sai mun kori maci amana!" Maiwada, shugaban ƙungiyar masu lambun ganyen magani ta Morai, ya doka sandarsa a ƙasa.

Taron wata-wata ne, amma ba wanda ya kawo iri don musaya. Jiya katafila ta ratsa lambunsu, tana haƙa hanyar ruwan madatsar Bakolori. Tazargade da ɗoɗɗoya da na'ana'a duk sun tafi. Lambun albasar maƙwabta kuwa an kauce masa.

Maiwada ya nuna Nasidi, wanda ɗansa ke leburanci a wurin aikin. "Kai kas sai da mu, munafuki!"

"Wallahi Baba ban yi ba," in ji Nasidi. "Ɗana ya ce mai awon hanyar ruwan ya zo dubawa tun kafin a fara aikin. Wani dattijo yac ce mai, wai wurin ga ciyawar banza ta, ba mai ita."

"A nemo tsinannen dattijon! Ko wane na, ya bar ƙungiyar ga!"

Inna Batulu, wadda ta girme kowa a wurin, ta gyara mayafinta.

"Malam Maiwada, ka tuna baƙon nan mai gajeren wando, da yat taras da mu muna tsinkar ganye, yana ta tambaya? Kac ce mini ɓarawon sirrin magani na, bari ka sallame shi."

Sandar ta suɓuce daga hannun Maiwada.

"To gaya muna," in ji ta. "Mi kac ce mai?"