Zobe a Hanyar Kure

Inda hanyar Kure ta hau tudu, Zailani direba ya kashe mota domin raƙuman dawa su tsallake titi. Balkissa na gefensa tun daga unguwar Gamkalley.

"Dubi waccan mai tabo a wuya, bara ta haihu," ya ce. Ya juyo gare ta. "Balkissa, bayan salla zan turo kawuna gidanku."

Ta jima tana kallonsa, idanunta suka ciko.

"Kana gane kowace da zanen jikinta, Zailani, amma tun safe ba ka ga zoben hannuna ba. Na jira ka har na gaji. An sa mini rana."

Raƙuman suka wuce, hanya ta buɗe. Ya kasa tada motar.