Mai Fito da Dokar Dagaci

Ka ce mini, ɗan'uwa, duk dokar da aka kafa wajibi ne a bi ta, tunda bin na gaba bin Allah ne. Da gaskiyarka, amma zauna in ba ka misali da wani mai fito.

Mutumin nan yana da kwalekwale a mashigin kogin da ya raba garinsu, mai kasuwa da asibiti, da wani ƙauye da ke hayi. Wajen bin doka har tsegumi ake yi masa. Dagaci ya hana a yi wa jirgi lodin da ya wuce kima, ya kuma hana fito idan ruwa ya kawo, shi kuwa bai taɓa ƙetare dokar ba. Akwai ranar da surukinsa ya zo da buhunan albasa, kogi ya cika ya batse, ya ce lallai sai an haye da shi. Mai fito ya ce, "Baba, a yi haƙuri," ya ƙara wa igiyar jirgi ƙulli. Tsohon ya daɗe ba ya amsa gaisuwarsa, mai fito bai damu ba, don ya san an kafa dokar ne saboda kada kogi ya ci mutum.

Ana nan sai rigima ta ɓarke tsakanin garuruwan biyu a kan wata fadama. Dagaci ya fusata, ya sa aka yi shela cewa duk wanda ya ɗauko mutumin hayi, a bakin jirginsa. Wata rana da hantsi mai fito ya ji kururuwa daga ƙetare. Wata mata ce tsaye cikin ruwa iya gwiwa tana kaɗa mayafi, a bayanta an kwantar da mijinta, kububuwa ta sare shi a gona, ƙafa ta kumbura suntum. Mai fito ya dubi jirginsa, wanda da shi yake ciyar da iyali. Ya dubi sauran masu fito, kowa ya sunkuyar da kai. Ya ce a ransa, waccan doka hana ni kashe mutum ta yi, wannan kuwa so take in zuba ido ya mutu. Ya yi bisimilla, ya kwance igiya.

Bai lallaɓa da su ta cikin ciyayi ba, a mashigin da kowa ke gani ya sauke su, ya raka su asibiti. Daga can ya zarce ƙofar dagaci da ƙafarsa, ya tuɓe takalmi ya durƙusa. Ya ce, "Ranka ya daɗe, na karya dokarka, ga ni, ga jirgi. Ba raini ba ne, dokarka ta ruwa ina kanta har gobe. Amma wannan, in aka sake kira na, zan sake zuwa." Dagaci ya sa aka jawo jirgin aka kife shi a ƙofar gidansa. Mai fito ya koma gida, bai zagi kowa ba, bai zuga kowa ba.

Ya zaci yunwa za ta kore shi daga garin, sai ga kwanon tuwo daga wannan gida, ga tiyar gero daga wancan, har da na mutanen da a bainar jama'a ba su iya ce masa sannu ba. Duk mai wucewa ya ga jirgin nan a kife sai ya tuna laifin da ya kife shi. Kunya ta ishi sauran masu fito, suka ɗauko gorar tuƙinsu ɗaya bayan ɗaya suka jingina a jikin jirgin, suka daina fito. Liman da dattawa suka shiga wurin dagaci. Shi ma ba mugu ba ne, fushi ne ya rufe masa ido. Ya janye shelar, ya ce a mayar da jirgin ruwa.

Ranar da aka sallami manomin, mai fito ne ya mayar da shi gida, yana dogara sanda, matarsa na riƙe da shi. A tsakiyar kogi ta buɗe baki za ta yi godiya, kuka ya ci ƙarfinta. Ya ce, "Haba, baiwar Allah, ni ne da godiya. Allah bai bar ni na sunkuyar da kai ba, mutane kuma ba su bar 'ya'yana sun kwana da yunwa ba." Ya ci gaba da tuƙi, zuciyarsa fes.

Ka ga dai, wanda ya ƙi dokar zalunci a fili, ya miƙa wuya ga hukunci, ba ɗan tawaye ba ne. Shi ya sa Hausawa suka ce, ciki da gaskiya, wuƙa ba ta huda shi.