Sifikar Jan Babur

"Wacce ta fi ƙara?" in ji dattijon, yana jujjuya sifikokin babur da ke kan teburina.

Ni kuwa idona na kan jan babur ɗin da ya zo da shi. Na san shi sarai. Watan jiya na ɗaura wa wani ɗan acaɓa sifika a kansa, ga shi yanzu an fizge ta, wayoyi na lilo.

"Baba, babur ɗin naka ne?"

"Kai dai ɗaura min," ya ce, bai dube ni ba.

Na shige cikin shago kamar zan ɗauko kayan aiki, na kira lambar ɗan acaɓan. Sai waya ta yi ƙara a aljihun dattijon. Na fito da sauri na zare makullin babur ɗin.

"Ina mai wayar nan?"

Ya ciro wayar daga aljihu ya dube ta.

"Ɗana ne. Ranar Talata muka binne shi. Ni na fizge sifikar, don kiɗansa ya hana ni sakat. Yanzu shirun gidan ya ishe ni. Ɗaura min irin tasa."