Rabin Suna

"Sha…" aka ce a bayan wani tsoho, cikin layin rabon hatsi a Jiratawa, sai muryar ta ɗauke.

Tsohon bai waiga ba. Shekarar da ruwa ya ƙi sauka, aka ce 'yan daudu ne suka toshe sama, aka kore su daga Maradi da bulala. Shi kuwa, gwaninsu da ba a taɓa kamawa ba, ya sulale Jiratawa, ya tara gemu, ya kausasa murya, har liman na yabon natsuwarsa. Ko bihim bai sani ba, amma rabin yaren harka na 'yan daudu bakinsa ne ya haife shi. Shi ke ɗaure kalma biyu ya raɗa wa kowace 'yar ɗakinsa cikin 'yan daudun suna, a faɗe shi da numfashi guda.

"Sha…"

Ya duba ta wutsiyar ido. Wani ne zaune a ƙasa, ƙashi da fata, yana dafa ƙirjinsa. Mai rawar nan da gari ke fitowa gani a da! Ba bara yake ba. So yake a shaida shi, numfashin ne ba ya kai shi ƙarshen sunansa.

Ga soja tsaye da dorina. Saura ƙiris layi ya zo kan tsohon.

Tsohon ya fice daga layin, ya durƙusa, ya saki siririyar muryar da ya binne, kowa na ji.

"Sha-Kallo, ɗiyata. Huta abinki. Ni na raɗa shi, ni zan ƙarasa miki."